HADARI YA TASO, WA KE CIKIN JIRGIN?

Ku ɗan matso kusa, gama zancenmu na yau zancen ruwa ne.

Yawancinmu da mu ke zaune a nan Ankara, asalinmu matafiya ne. Kakanninmu fataken Gwanja sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakunansu, suna neman goro a Salaga. Wanda ya so ya wuce kudu kuwa, sai ya sauka bakin kogin Bolta, a Yeji ko a Kete Karachi, ya biya kuɗin fito, a haye da shi. A zamanin nan kogi ne kawai. Mutum yana tsaye a wannan gaɓa, yana ƙwala wa mai fito kira a wancan ƙetare.

Amma a shekara ta 1961 aka fara gina madatsar ruwa a Akosombo, aka gama a 1965. Ruwa ya taru a bayanta, ya yi ta hawa, har ya zama tafki mai tsawon wajen mil 250, ɗaya daga cikin mafi girma da hannun mutum ya taɓa yi a duniya. Mutum wajen 80,000 aka tasa daga gidajensu, aka gina musu sababbin garuruwa 52. Tsohon garin Kete Karachi, inda shahararren malamin nan Alhaji Umaru ya zauna yana koyarwa har ya rasu a 1934, ruwa ya cinye shi. Tun daga sa'an nan wanda zai haye daga Yeji zuwa Makango, ko daga Adawso zuwa Ekye Amanfrom, ko ya tsallake Oti a Dambai, ya san da ruwa mai faɗi zai gamu. Doyar da ku ke saye a Agbogbloshie da busasshen kifin da a ke kasawa a kasuwar Nima ran Laraba, da yawa cikinsu a kan ruwan nan suka biyo, mata 'yan kasuwa kuma suna zaune a kan kayan.

To, ga abin da baƙo bai sani ba. Sa'ad da ruwa ya hau, ba a sare dajin ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har wa yau, sun mutu amma ba su ruɓe ba, sun yi tauri kamar ƙarfe. Da kaka, ruwa ya cika, jirgi ya kan wuce ta bisansu lafiya. Da rani ruwa ya yi ta janyewa. Kafin a kai watan Maris da Afril da Mayu, kawunan kututture sun matso kusa da fuskar ruwa, waɗansu sun leƙo, waɗansu kuwa saura kamu ɗaya su leƙo, su ne mugayen. A daidai wannan lokaci kuma hadarin farkon damina ya ke tasowa daga gabas da yamma, ba sallama. Sarari ya yi baƙi ƙirin, iska ta buso, kafin ka ɗaure kallabi raƙuman ruwa sun tashi. Hadari ya zo da haɗari.

Babban jirgin fito na ƙarfe, mai ɗaukar motoci, yana da dabararsa. Direbansa ya kan dubi sama kafin ya tashi. In bai yarda da gabas ba, sai ya ƙi kwance igiya, ko da masu motoci za su yi ta zaginsa. In kuwa iska ta same shi a tsakiya, ya kan rage gudu, ya juya hancin jirgi wajen raƙuman, kada su buge shi ta gefe, yaransa kuma su ƙara sa wa ƙafafun motoci waigi. Amma babban jirgi ba ya tashi ko wane lokaci. Wanda ya makara, ko mai gaggawar kama kasuwa, sai ya faɗa jirgin katako mai inji a baya. A nan ne yawancin hasarar rai ta ke. A watan Afril na 2006 wani jirgin katako ya kife da mutanen da aka tasa daga wani tsibiri a gandun dajin Digya, mutane da yawa suka halaka. A watan Janairu na 2023 yara takwas 'yan makaranta suka nutse a wajen Sene, suna kan hanyar zuwa karatu. Hukumar jiragen ruwa ta Gana ta sa an cire kututture a waɗansu hanyoyi, an kuma sa sojan ruwa a waɗansu tashoshi su hana lodi ya wuce ƙima. Aikin kirki ne. Amma tafkin yana da faɗi, ido kuwa ba ya kai wa ko'ina.

Ni mai yi muku magana na taɓa shiga irin jirgin nan daga Yeji, ran da kasuwa ta watse. An loda buhunan masara da gishiri, da awaki, da babur biyu, da mu. Na miƙa hannu waje, sai na ga tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi tsawon tafin hannuna ba. Wani dattijo ya ce da mai jirgin, "Maigida, kayan nan sun yi yawa, ga kuma gabas ta ɓata rai." Mai jirgi ya yi dariya, ya ce shekara ashirin yana wannan aiki. Muka yi shiru, gama kowa yana so ya kwana a gida. Ni ma da na san gaskiyar dattijon, ban buɗe baki ba, ina jin kunyar wannan har yanzu.

Mun kai tsakiya ke nan sai iska ta sauka. Ruwa ya fara tsallako mana. Yaran jirgi suna kwarfewa da bokiti, ba su ci rabin abin da ke shigowa ba. Mai salati yana salati, mai kiran Yesu yana kira, yara suna kuka. Sai mai jirgi ya daka tsawa, ya ce kowa ya zauna inda ya ke, kada a taru gefe ɗaya, a kuma zubar da buhuna. Akwai wata uwa kusa da ni, jarinta duka yana cikin buhu uku na masara. Ta kwanta a kansu, ta ce sai dai a jefa ta tare da su. 'Yarta ta kama ta tana cewa, "Inna, ki bari, Inna, ki bari." Da ƙyar ta saki. Jirgi ya ɗan ɗago, muka lallaɓa muka kai gaɓa da duhu. Matar nan ta zauna a kan yashi tana kukan masararta, 'yarta kuwa tana rungume da ita tana dariya da hawaye.

Kada ku ce wannan halin ƙananan jirage ne kaɗai. A ƙasar Sanigal akwai wani babban jirgin teku, sunansa Joola, mai kai mutane daga Ziganshor zuwa Dakar. An ƙera shi domin mutum ƙasa da 600. Daren 26 ga Satumba, 2002, yana ɗauke da kusan 2,000, cikinsu da mata 'yan kasuwa da 'yan makaranta masu komawa hutu. Iska ta same shi a gefen ƙasar Gambiya, cikin 'yan mintoci ya kife. Lissafin gwamnati ya ce mutum 1,863 suka mutu, 64 kaɗai suka tsira.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali na 'yan Adam. Cikin Ayyukan Manzanni sura 27 an ba da labarin Manzo Bulus, yana ɗaure, ana kai shi Roma cikin jirgin alkama. Da suka tsaya a tsibirin Karita, Bulus ya gargaɗe su kada su tashi, gama lokacin tafiya ya wuce. Amma hafsan soja ya fi jin maganar direba da ta mai jirgin. Kun ga, mai kaya kullum yana da hujja. Suka tashi, guguwa ta kama su kwana goma sha huɗu. Suka zubar da kaya, daga baya har alkamar da aka yi tafiyar dominta suka watsa a teku. Jirgin ya farfashe a tsibirin Malta, amma mutum 276 da ke ciki, ko ɗaya bai ɓata ba, gama Allah ya riga ya yi wa bawansa alkawari.

Yanzu fa ina so in yi maka tambaya, ɗan'uwana, kai da ka ke jina a bakin shagonka. Me ka loda wa ranka? Ba ina nufin talauci ko bashi ba, waɗannan kowa ya san nauyinsu. Ina nufin mudun da ka bubbuge gindinsa domin ya rage awo, da amanar marayan da ka ci, da rantsuwar ƙarya a kan kuɗin kaya, da ƙiyayyar ɗan'uwanka wadda ka ke kiwo shekara goma. Ran da ruwa ya ke kwance, jirgi mai lodi yana tafiya kamar ko wane jirgi, har mai shi ya riƙa yi wa masu gargaɗi dariya. Akwai kuma zunubin da ya ke kamar kututturen nan, ba wanda ya gan shi, kai kanka ka manta inda ya ke. Amma akwai ƙetarewa guda wadda ba mai fashinta, watau mutuwa, bayanta kuwa shari'a. Mu duka mun yarda da wannan, Musulmi da Kirista. Masara a kan iya jefa ta a ruwa. Zunubi fa, wa zai ɗauke shi ya jefar? Mutum ba ya iya ɗaga buhun da ya ke kwance a ƙarƙashinsa.

Ku ji labarin wani jirgi kuma. Yana cikin Bishara ta hannun Markus, ƙarshen sura 4. A ƙasar Galili akwai tafki, tsawonsa wajen mil 13, faɗinsa mil 8, yana cikin kwari, duwatsu kewaye da shi. Iska ta kan gangaro daga duwatsun farat ɗaya, kamar yadda ta ke yi a Yeji. Wata rana Yesu, wanda da yawa cikinku ku ke kira Annabi Isa, ya wuni yana koya wa taro. Da maraice ya ce da almajiransa su haye. Suna tsakiya sai babbar iska ta taso, ruwa yana zubowa har jirgi ya kusa cika. Ku tuna, Bitrus da Andarawus da Yaƙub da Yohanna masunta ne, a kan tafkin nan suka girma. In masunci ya firgita, abin ya kai. Yesu kuwa yana can baya, ya ta da kai da matashi, yana barci, gama ya gaji kamar yadda ni da kai mu ke gajiya. Suka tashe shi da zargi, suna ganin kamar bai damu da mutuwarsu ba. Ya miƙe, ya tsauta wa iska, ya umarci ruwa ya kwanta. Nan da nan wuri ya yi tsit.

Wanda ya san ruwa ya san ko iska ta ɗauke, raƙuman ba su kwanta sai an jima. A nan kuwa duka biyu suka tsaya tare. Shi ya sa Markus ya ce tsoron almajiran ya ƙaru bayan da hadarin ya wuce, suna tambayar juna ko wane ne wannan. Direba gwani ya kan kauce wa iska, annabi ya kan roƙi Allah a kanta. Wannan kuwa da bakinsa ya yi mata magana, ta ji. Wa iska ta ke yi wa biyayya in ba Mai ita ba?

Shi ne wanda ya zo ya ɗauki kayan da ba mu iya ɗagawa. A kan giciye aka ɗora masa zunubin duniya, ya nutse cikin mutuwa a madadinmu, a rana ta uku ya tashi. Ba na yi muku alkawari cewa mai binsa ba zai gamu da hadari ba. Almajiran nan da umarninsa suka shiga jirgi, duk da haka iska ta same su, akwai kuma masu bi na gaskiya da ruwan Bolta ya ci. Abin da ya alkawarta shi ne gafara ga wanda ya tuba ya dogara gare shi, da zamansa tare da mutum har wancan ƙetare. Ba a biyan kuɗin fito. Almajiran ba su yi wata doguwar addu'a ba, kukan tsoro suka yi, har da zargi a ciki, ya kuwa tashi.

Ke kuma uwa da za ki Yeji sarin kifi makon nan, in kin ga lodi ya kai baki, ki sauka ki jira na gaba. In an miƙa miki rigar ceto, ki sa, kada ki ce zafi. Yin haka ba rashin tawakkali ba ne, Bulus ma ya yi gargaɗi kafin a tashi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, Mai sama da ƙasa da ruwaye, ka kiyaye dukan waɗanda su ke kan tafki a daren nan, da masu tuƙi da masu kaya da yara. Ka ta'azantar da gidajen da ruwa ya yi musu rashi. Wanda kuma ya ji nauyin zunubinsa sa'ad da mu ke magana, ka ba shi ƙarfin hali ya kira ka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.