KWARI DA CUTUTTUKAN AUDUGA DA WAKEN SUYA
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da yawa daga cikinmu ma'aikata ne ko 'yan kasuwa, amma kusan kowa yana da gona a gida, kuma auduga da waken suya ne muke sa ran su mayar mana da kuɗinmu. Abin da nake so mu tafi da shi yau ɗaya ne: ƙwaro da cuta ba sa cin gona sai wadda mai ita ya makara wajen dubawa.

Mu fara da auduga. Babbar abokiyar gabarta ita ce tsutsar ƙululu. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, yana saka ƙwai ɗaruruwa a saman tsiro. Tsutsar tana cin fure, sannan ta huda ƙululu ta shige ciki. Da zarar ta shiga, feshi ba ya kai mata, kuɗin magani ya tafi a banza. Saboda haka daga lokacin da auduga ta fara fure, a shiga gona kowane mako a duba, a yi feshi tun tsutsar tana ƙarama. Akwai kuma darɓa da farin ƙuda masu tsotsar ganye, da wani jan ƙwaro mai ɓata farin auduga har a rage mata daraja a kasuwa.

Wata tsutsar, mai ruwan hoda, tana ɓuya cikin gurya da ragowar ƙululu har damina ta zagayo. Wannan ne dalilin da malaman gona suka daɗe suna cewa a tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka. Wanda ya bar nasa a tsaye ya cuci kansa, ya cuci maƙwabcinsa. Cutar da ke baƙanta ganye da reshe ita ma ta cikin iri take bi, don haka a nemi iri mai magani, kamar nau'o'in SAMCOT na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A shekarar 2018 Nijeriya ta amince da irin audugar Bt mai kashe tsutsa da kansa, sai dai ba ya hana kwari masu tsotsa.

Shi kuwa waken suya, cutar tsatsa ce babbar barazanarsa. An fara ganinta a Nijeriya a 1999, iska ce ke yaɗa ta, kuma tana son laima. Tana farawa daga ganyen ƙasa, a bayan ganye, da ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa. Ganyen sai ya yi rawaya ya zube kafin kwanso ya cika. Wanda ya tsaya a bakin gona ba zai gan ta ba, sai ya sunkuya ya juya ganye. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da iri mai jure mata, kamar TGx 1835-10E da aka fitar a 2008. Idan kwanso ya fito, a lura da kwarin da ke tsotsarsa su bar ƙwaya a yamutse.

Jama'a, yawan feshi ba shi ne gwaninta ba. Feshi ba bisa ƙa'ida ba yana kashe gizo-gizo da sauran halittun da ke cinye mana kwari, kuma yana cutar da yaran da muke sa wa aikin ba tare da rufe hanci da jiki ba. A yi shuka da wuri, a riƙa sauya amfanin gona, a tuntuɓi malamin gona kafin a sayi magani. Wanda aiki ya tsare a birni ya wakilta amintacce mai shiga gona duk mako. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka.