Motsa Jiki Mai Sauƙi Ga Gaɓɓai: Wanne Ya Kamata Mu Zaɓa?

Jawabin da kwamitin kula da lafiya ya gabatar a babban taron ƙungiyarmu na shekara, a garin Lafiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, malamanmu magada annabawa, iyayenmu mata, 'yan uwa da abokan arziki, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyalinsa ƙalau. Muna kuma roƙon Allah Ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Lafiya, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad na Ɗaya, lafiya da nisan kwana, wanda muke zaune a inuwarsa tun da ya gaji marigayi Alhaji Isa Mustafa Agwai na Ɗaya a shekarar 2019.

Jama'a, Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Mu kuwa da Allah Ya zaunar a garin da sunansa ma Lafiya, ai mu ya fi kamata mu riƙe wannan magana. Abin da ya sa kwamiti ya ɗauko wannan batu a bana, abu ne da kowa ke gani da idonsa. Ku duba ƙarshen sahu a masallatanmu na Sabon Pegi ko Bukan Sidi ko Tudun Gwandara, ku ƙirga kujerun roba. A da kujera ɗaya ce ko biyu, ta dattijon da ya haura tamanin. Yau kuwa har da mai shekara hamsin da 'yan kai, ya ce gwiwa ta hana shi sujada. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, wannan babu ja. Amma duk wanda ya taɓa kasa kai goshinsa ƙasa ya san abin da ke zuciyarsa.

Mu tuna yadda kakanninmu suka zo ƙasar nan. Da ƙafa fatake suka riƙa saukowa daga Kano da Katsina da Zazzau, suna kora jakuna, tun kafin jirgin ƙasa ya ratso ta Lafiya a shekarun 1920. Iyayenmu mata kuma sun yi daka da surfe da niƙa, sun ja guga a rijiya. Babu wanda ya ce musu su motsa jiki, neman abinci ne ke motsa su. To, kiɗa ya canza. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, aka mai da Lafiya hedkwata, gari ya buɗe, kasuwa ta bunƙasa, alhamdu lillahi. Sai dai dillalin doya ko na riɗi yanzu wuni yake a kan benci da waya a kunne, mai shago a kan kujera, ɗan acaba a kan babur, inji ya karɓe turmi. Likitoci kuwa sun ce daga shekara 30 zuwa sama, tsokar jikin ɗan Adam takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. In tsokar cinya ta yi rauni, gwiwa ce ke ɗaukar dakon da ba nata ba.

Abin da yawancinmu ke yi in jiki ya yi tsami shi ne a kira mai tallan magani, ya haɗa ja da fari da ɗorawa a ƙulla a leda. Yawancin waɗannan ƙwayoyi, irin su diclofenac da ibuprofen, suna kwantar da ciwo na ɗan lokaci, amma yawan shansu na cin ciki, yana taɓa ƙoda, yana kuma ƙara hawan jini. Ga shi ba sa ƙara wa gwiwa ƙarfi ko kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wato kamar tafiya da sauri, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka a kwana 2 ko fiye. Wanda ya kai shekara 65 kuma, a ƙara masa da atisayen daidaita tsayuwa a kwana 3 ko fiye, domin gudun faɗuwa. Minti 150 ɗin nan fa, in an raba, rabin awa ne a kwana biyar.

Ba za mu ce wa Alhaji mai shekara sittin ya fita gudu a titin Jos ko ya shiga ƙwallo da samari ba. Akwai hanyoyin motsa jiki da babu tsalle ko dirar ƙafa da ƙarfi a cikinsu, kuma 'ya'yanmu da ke Abuja da Kaduna sun fara turo mana hotunansu ta waya. Har an ɗan yi sa-in-sa a wata majalisa kwanan baya, wani ya nuna wa mahaifinsa yoga, wani dattijo ya ce wannan ai bautar rana ce. Saboda haka bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko yoga. Asalinta ƙasar Indiya ne, kuma gaskiya ne ta taso a cikin addininsu na Hindu. Irin wadda ta bazu a duniya yanzu, galibinta miƙe gaɓɓai ne, da tsayawa cikin wani yanayi na ɗan lokaci, da sarrafa numfashi. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranarta. Amfaninta ya fi fitowa a ciwon baya. A wani bincike da aka buga a 2017, an gwada mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon baya a birnin Boston na Amurka har mako 12, aka tarar waɗanda suka yi yoga sun samu sauƙi daidai da waɗanda likitocin gashi, wato fisiyo, suka duba. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara gwada motsa jiki irin wannan ga mai tsohon ciwon baya kafin a koma ga ƙwaya.

Dattijon nan da ya yi maganar rana ma yana da hujjarsa, domin akwai wani jerin motsi a cikinta da sunansa ke nufin gaisuwa ga rana, akwai kuma kalmomin da wasu ke rerawa. Malaman wasu ƙasashen Musulmi sun duba al'amarin. A watan Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin ta, saboda abubuwan ibadar Hindu da ke ciki. A watan Janairu na 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta rarrabe, ta haramta wadda ake haɗawa da rera kalmomin bauta, ta halatta wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 kuma Saudiyya ta amince a riƙa koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Mu a kwamiti ma'aikatan lafiya ne, fatawa kuwa ta malamai ce, ga su nan zaune. Abin da za mu iya faɗa daga ɓangarenmu shi ne, amfanin da likitoci suka auna daga miƙe tsoka da ƙarfafa ta yake fitowa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar ta, zai samu wannan amfani ta wata hanya.

Na biyu shi ne wanda ake kira Pilates, sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, Joseph Pilates, wanda aka haifa a 1883 ya rasu a 1967. Ya fara tsara shi ne lokacin da Ingila ta tsare shi tare da sauran Jamusawa a Yaƙin Duniya na Farko, daga baya ya buɗe wurin koyarwa a New York a shekarun 1920. Babu wani addini a cikinsa. Aikinsa ƙarfafa tsokar ciki da ƙugu da gadon baya, waɗanda su ne ɗamarar da ke riƙe ƙashin baya. A manyan birane ana yin sa da injuna masu tsada, amma irin na kan tabarma bai bukatar komai. Misali, mutum ya kwanta rigingine, ya tanƙwashe gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama ya ƙirga biyar, ya sauke a hankali, sau goma. Wannan ya dace da direbobinmu da teloli da masu shago, da iyayenmu mata da haihuwa ta sassauta musu ciki, bayan ungozoma ko likita ta ba da izini.

Na uku taici, na mutanen Sin. Da farko dabarar kare kai ce, kamar yadda muke da dambe da kokawa, sai aka sassauta ta ta zama motsi a tsaye, a hankali, ana sauya nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan. A Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Ita ce ta fi yin suna wajen hana tsofaffi faɗuwa. A jihar Oregon ta Amurka an gwada mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama, aka buga sakamakon a 2018, waɗanda suka yi taici faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari in an kwatanta da waɗanda suka yi miƙa kawai. Kun san dai abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho. Da yawa daga cikinsu daga wannan kwanciya ba su ƙara tashi ba. Wahalar taici ita ce sai da mai koyarwa, amma jigonta kowa zai iya: ka dafa bango, ka tsaya da ƙafa ɗaya kana ƙirga goma, ka sauya, sannan ka yi tafiya a kan layi ɗaya, diddige na taɓa yatsu.

Na huɗu iyo da keke. Ruwa na ɗauke wa gwiwa nauyin jiki, shi ya sa likitoci ke son sa ga mai ƙiba ko mai sanyin ƙashi. Sai dai muna gargaɗi, kada wani ya ji haka ya faɗa rafi ko kududdufi, domin can ake ɗaukar tsargiya, ga haɗarin nutsewa da damina. Keke kuwa namu ne tun na iyaye. A ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka, a kuma kauce wa manyan motocin titin Makurɗi.

To, wanne za a zaɓa? Shawararmu ita ce kowa ya fara tambayar kansa abin da ke damunsa. In bayanka ne ke riƙewa saboda zama, ka ɗauki na kan tabarma, Pilates ko miƙe-miƙen yoga. In jiri ne ko tangal-tangal, ko ka taɓa faɗuwa a banɗaki, ka ɗauki na daidaita tsayuwa. In gwiwa ce, ka ƙarfafa cinya: ka zauna a kujera mai ƙarfi, ka miƙe ba tare da dafa hannu ba, ka koma a hankali, sau goma safe da yamma. Mai ƙiba ya sani cewa duk kilo ɗaya da ya rage, ya sauke wa gwiwarsa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Kowanne ka zaɓa kuma, ka haɗa da tafiyar ƙafa, domin waɗannan na tabarma ba sa sa zuciya aiki yadda mai hawan jini ko ciwon suga ke bukata. Ma'aunin tafiyar shi ne ka iya magana da abokin tafiyarka, amma ka ji numfashinka ya ɗan ɗaga.

Wani zai ce, ai muna salla. Gaskiya ne, raka'a 17 na farilla a yini, sujada 34, kuma mai yin su da natsuwa gaɓɓansa na amfana. Amma salla ibada ce, don Allah muke yin ta. Motsa jikin nan muna yin sa ne domin mu daɗe muna yin ta a tsaye, domin kuma ranar da Allah Ya kira mu Makka mu yi ɗawafi da ƙafarmu, mu yi safa da marwa, wanda kai da kawowarsa bakwai sun kai kimanin kilomita 3, ba tare da an tura mu a keke ba.

Akwai waɗanda dole su ga likita kafin su fara: mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai juna biyu, mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Mai hawan jinin ido, wato gilakoma, ya guji duk motsin da ke sa kai ya yi ƙasa da ƙirji na tsawon lokaci. Tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi kada ta riƙa sunkuyawa da ƙarfi tana murɗa baya. Kada a riƙe numfashi ana yunƙuri. In an ji ciwon ƙirji ko jiri ko suka mai kaifi a gaɓa, a tsaya nan take. Tsamin tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Da bazara, daga Fabrairu zuwa Afrilu, kun san zafin garin nan, sai a yi bayan asuba, a sha ruwa. Da azumi kuma a bari sai an sha ruwa. A fara da minti goma, zafin nema ba ya kawo samu.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Japan tun 1928 suke tashi da safe suna motsa jiki tare, rediyo na ba su umarni, kuma har yau ba su bari ba, saboda abin na jama'a ne. Don haka kwamiti na roƙon wannan taro ya amince da abu uku. Kowace unguwa ta sa ranar Asabar bayan sallar asuba maza su yi tattaki tare na rabin awa. Iyayenmu mata su zaɓi gida ɗaya mai fili a kowace unguwa, mace ta koya musu na kan tabarma, mazaje kuma don Allah a ba su izini. Sannan ƙungiya ta sayi na'urar awon jini ta ajiye wa kowane reshe, a auna kowa kafin a fara. Muna roƙon dattawanmu su shige gaba, domin in yaro ya ga Alhaji ya fito, kunyar kwanciya za ta kama shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da garin Lafiya da Jihar Nasarawa da ƙasarmu Nijeriya lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.