Kada Mu Jera Taba Kusa Da Alewa

Jawabin da aka yi wa 'yan kasuwa da sauran jama'a a Yalwa, ƙasar Rano

Ya ku dattawa, da iyayenmu mata, da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Yalwa, da waɗanda suka tako daga Rano da Kibiya. Maganarmu ta yau a kan taba ce, watau sigari, da yadda masu yin ta ke farautar 'ya'yanmu tun suna makaranta. Mai tebur namu ne, talaka ne mai neman na cefane, saboda haka ba zaginsa ya kawo mu ba. Mun zo ne mu nuna masa wanda ke cin guminsa, yana kuma cin lafiyar ɗansa.

Bari mu fara da lissafi, tun da ku ne masanansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, kuma tana iya kashe har rabin masu shan ta waɗanda ba su daina ba. To, in hajarka tana kashe masu saye, ina za ka samo sababbi? Da wuya ka ga magidanci mai shekara 40 ya tashi rana tsaka ya koyi busa hayaƙi. A Amurka likitoci sun ƙidaya, suka tarar kusan 9 cikin 10 na masu sha sun fara ne ba su wuce shekara 18 ba. Watau kasuwar taba ba ta da gonar da ta wuce yara.

Kamfanonin sun san haka sarai. A can Amurka wani kamfani ya zana hoton raƙumi mai fara'a, aka sa masa suna Joe Camel, aka baza shi a alluna da jaridu. A shekarar 1991 masana suka gwada yara 'yan shekara 6, suka tarar sun san raƙumin nan kamar yadda suka san Mickey Mouse, ɓeran nan na wasan yara. Jama'a suka yi ca, aka janye raƙumin a 1997. A 1998 jihohi 46 na ƙasar suka tilasta wa manyan kamfanonin taba biyan dala miliyan dubu 206 cikin shekara 25, aka kuma hana su talla da zanen wasan yara.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano da ta Legas da ta Gombe, da ita kanta Gwamnatin Tarayya, sun kai kamfanonin taba ƙara, har da British American Tobacco, suna neman kuɗin jinyar waɗanda taba ta kwantar, suna kuma zarginsu da jawo yara. Shari'ar ta yi ta ja shekara da shekaru. A 2015 aka sa hannu a kan dokar taba ta ƙasa duka. Ga abin da ta ce a taƙaice: ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ba a kuma sa shi ya sayar, ba a sayar da kara ɗai-ɗai, sai kwali guda mai kara 20, ba a tallar taba, kuma kamfanin taba ba shi da ikon ɗaukar nauyin wasa ko buki don ya tallata hajarsa. Wanda ya karya, akwai tara, akwai ɗauri.

Doka kuwa tana nan a takarda. Amma ku duba bakin makarantunmu, ku gaya mana ko ta iso. Tebur yana nan dab da ƙofa. A kansa ga alewa, ga cingam, ga biskit, ga kwalin taba a buɗe a tsakiyarsu, daidai tsayin idon yaro. Yaron da ya ga haka kullum tun daga aji ɗaya, kafin ya kai aji shida ya riga ya ɗauka taba ƙanwar alewa ce. Wannan talla ta fi ta rediyo ƙarfi, domin ba ta da ranar hutu, kuma kamfani bai biya ko kwabo ba.

Sa'an nan ku lura da hikimar kara ɗaya. Kuɗin tara da uwa ke ba ɗanta ba su sayen kwali, amma suna sayen kara. Kwali yana ɗauke da gargaɗi da hoton cuta, shi kuwa kara tsirara yake zuwa hannun yaro, babu rubutun kome. Shi ya sa doka ta hana, shi ya sa kuma masu riba ba su son a hana.

Akwai kuma kyauta. In ka ga an ba ka laima, ko an yi wa shagonka fenti da launin wata taba, ko an kawo wa makaranta littafin rubutu da riga masu sunan wata haja, ka tuna ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Makaranta wurin karatu ce, firamare ce ko Islamiyya ko ta allo, kuma duk mai neman shigarta da kayan sayarwa, kome zaƙin bakinsa, aljihun iyaye yake hange.

Mun san wani zai ce, "In ban sayar ba, na kusa da ni zai sayar." Gaskiya ne, in mutum ɗaya ne. Shi ya sa muke son a yi abin a ƙungiyance. Ribar da ke cikin kara ba ta taka kara ta karya ba, babbar riba tana can wajen kamfani. In kuwa tari ya kama yaro bayan shekara 20, ba kamfani zai sayar da akuya ya kai shi asibitin Rano ba, ubansa ne.

Ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, duk mai tebur a bakin makaranta ya ɗauke taba daga kansa ɗungum. Na biyu, sauran 'yan kasuwa su raba taba da kayan yara, kuma kada su sayar wa yaro ko da ya ce aiko shi aka yi. Na uku, iyaye su daina aiken yara sayen taba, domin ɗan aike shi ke fara ɗanɗanawa. Na huɗu, shugabannin kasuwa su zauna da hedimastoci da limamai da masu unguwanni, a tsai da magana guda, kowa ya ji.

Ga hukuma kuma muna cewa: kun iya zuwa karɓar kuɗin rumfa, ba ku taɓa ɓatan hanya ba. To, ku zo da dokar nan ma, ku fassara ta da Hausa, ku karanta a kasuwa. In za a yi kamu, a fara da manyan diloli masu kawo kaya mota-mota, kada a taru a kan mai tebur a ce an yi aiki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu taba sun riƙe wannan karin magana da kyau, lalle ne mu riga su. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwarmu.