Tiya Biyu a Rumfa Ɗaya

   Yau zan ba ku labarin garinmu, da abin da wata tsohuwa mai fura ta koya mini.

Ni malamin koyarwa ne a wata ƙaramar ikilisiya cikin jihar Tawa, a ƙasar Nijar. Garinmu yana kusa da babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa, ba shi da nisa da Galmi. Kun san Galmi da abu biyu, watau jar albasa wadda manyan motoci ke kaiwa har bakin teku, da asibitin mishan wanda aka buɗe a 1950. Mu kuwa ba a san mu da kome ba. Manoma ne mu. Da damina hatsi da wake, da rani albasa a fadama.

Mu Kirista gidaje kaɗan ne a garin, sauran jama'a Musulmi ne. Rijiya ɗaya mu ke sha. Kiran sallar asuba shi ke ta da matanmu su ɗauki tulu. In an yi gayya a gonar wani, ba a tambayar addinin mai fartanya. In an yi haihuwa muna zuwa suna, in an yi rasuwa muna zaman makoki tare. Ran Lahadi da safe na kan buga wani tsohon ƙarfen mota da muka rataye a dogon yaro, mutane su taru. Mata su yi waƙa da tulu da caki, a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a, a watse. Sujadarmu duka ba ta wuce sa'a biyu. Sauran kwana shida muna gona, muna bakin rijiya, muna kasuwa. Maƙwabtanmu ba su shiga majami'a, amma a kwana shidan nan suna ganinmu sarai.

Muna da rumbu a bayan majami'a. Dattawanmu suka gina shi bayan yunwar 2005. Waɗanda ke Tawa da Maraɗi da Damagaram ba su manta da ita ba. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta zo, sai shekarar da ta biyo baya hatsi ya fi ƙarfin talaka. Ina ɗan saurayi a lokacin, na ga uwata tana jiƙa anza kwana da kwanaki domin ɗacin ya fita mu samu abin sa wa a ciki. Tun daga nan, in kaka ta yi, ko wane gida ya kan kawo dami gwargwadon ƙarfinsa. In damina ta yi tsaka, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sai a buɗe a raba wa gwauraye da marayu. Ni ke riƙe da littafin lissafin.

To, ga labarin. A cikinmu akwai wani dattijo mai awon hatsi. Shi ya saya mana kwanon rufin majami'a. Ba ya fashin sujada, muryarsa kuwa ta fi ta kowa wajen waƙa. Ni ma da kaina yana bina bashin buhu guda, wanda na ɗauka shekarar da matata ta kwanta ciwo.

Wata ranar kasuwa na tsaya shan fura wajen wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Musulma ce, mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku. Ta dama mini, ta dube ni ta ce, "Malam, in tambaye ka mana. Waƙar nan da ku ke yi ran Lahadi, ina jinta daga ɗakina, tana da daɗi. Amma dattijon nan naku, tiya nawa Allahnku ya ce ya riƙe?"

Na ce, "Inna, ban gane ba."

Ta ce, "Da kaka, in na kai masa hatsi, da babba ya ke auna. Da damina, in na je saye, da wata ya ke auna mini, wadda aka buga gindinta ya shiga ciki. Ni ban yi makaranta ba, amma hannuna ya san nauyin abin da na ke dakawa."

Jama'a, furar nan ba ta wuce mini ba. Ku 'yan kasuwa kun san lissafin. Tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. In mutum ya rage tafin hannu ɗaya a ko wace tiya, ba wanda zai kai shi gaban alƙali. Amma tafin hannu sau 40 ya zama tuwon gida guda na kwanaki. Ga mai awo ƙaramin abu ne. Ga tsohuwar nan kuwa, kunun jikanta ne na safe.

Me na yi? Zan gaya muku gaskiya, shiru na yi. Mako uku ina shiru. Na ce a raina, yaro ne ni a gabansa. Na ce, in ya yi fushi wa zai gyara rufi? Na tuna da buhun da ya ke bina. Ko wace Lahadi ina tsayawa ina koya wa yara Dokoki Goma, har da wadda ta hana sata, ga shi kuwa bakina a ɗaure da igiyar bashi. Ashe ni ma tiya biyu gare ni, babba ta auna laifin yara da talakawa, ƙarama ta auna laifin mai kuɗi.

Maganar Allah ba ta bar ni na huta ba. A Littafin Firistoci sura 19, a wurin da aka umurci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa, a nan kuma aka yi umurni a kan ma'auni na gaskiya, aka kuma hana manomi tsince gonarsa ƙarƙaf, domin matalauci ya samu kala. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, wanda ya yi wa'azi wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, ya yi magana a sura 8 a kan 'yan kasuwar zamaninsa. Suna kiyaye ranar hutu, amma suna ɗokin ta wuce su koma rumfa su rage mudu su ƙara kuɗi. Ku lura, waɗannan mutane ba su fasa sujada ba. Duk da haka Allah ya ce ba zai manta da aikinsu ba. Watau Allah ba ya tsayawa a ƙofar majami'a, yana bin mu har rumfa.

Ran nan da dare, bayan an ci tuwo, na ɗauki fitila na tafi gidansa ni kaɗai, gama Ubangiji ya koya mana a fara zuwa wurin ɗan'uwa a asirce. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ka yi mini gafara, magana ce ta fi bakina, amma in na riƙe ta za ta ci ni." Na faɗa masa duka, ban ambaci wadda ta gaya mini ba.

Ya yi fushi ƙwarai. Ya ce, "Kai yaro, a gabana aka haife ka. Kowa a kasuwar nan haka ya ke yi. Ka kawo mini buhuna." Na ce, "To, Baba." Na sayar da akuyata na biya shi. Wata biyu bai taka majami'a ba. Waɗansu 'yan'uwa suka ce na kori ginshiƙin ikilisiya. Na yi ta addu'a, ban kuwa san yadda abin zai ƙare ba.

Da kaka ta yi, ranar da a ke kawo dami, sai ga shi da amalanke. Bai yi doguwar magana ba. Ya aje tiyar nan mai bugaggen gindi a gaban jama'a, ya taka ta da ƙafa har ta lanƙwashe. Ya ce tun daren nan barci bai yi masa daɗi ba, labarin Zakka na Yariko ke ta yi masa yawo a kai, mutumin da ya karɓi Yesu a gidansa, sa'an nan ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta har ninki huɗu. Ya ce, "Ni ba ni da ƙarfin ninki huɗu. Waɗanda na sani zan bi su gida gida. Mutanen ƙauyuka da ban san inda su ke ba, ga rabonsu, a zuba a rumbu." Ya kuma roƙa kada a raba wannan hatsi ga Kirista kaɗai, tun da ba daga hannun Kirista kaɗai ya fito ba. Dattawa suka yarda. Tun daga shekaran nan, in an buɗe rumbu, ana duban wadda ba ta da shi, ba a duban inda ta ke salla.

Tsohuwa mai fura tana nan da addininta, muna nan da zumuncinmu. Da aka kai mata nata, ta ce da ni, "Malam, yanzu waƙar ta shiga kunnena."

Ya kai mai sauraro, ban ba ka labarin nan domin ka ce dattijon nan mugu ne ba. Ya fi da yawanmu, gama ya tuba a gaban mutane. Tambayata gare ka ita ce, tiya nawa ke rumfarka? Mai albasa, me ke ƙasan buhu, irin na bakin buhu ne? Mai nono, ruwa nawa ka zuba? Mai bashi, ka kan sake hanya in ka hango mai binka? Kai kuma malami irina, wa ka ke jin tsoron gaya wa gaskiya?

In Allah ya auna mu da tiyarsa, ba wanda zai cika. Dukanmu muna da ragi. Sabo da haka ne Yesu Almasihu ya zo, ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku, domin ya biya abin da ba mu iya biya ba. Ba a sayen gafararsa da dami ko da kwanon rufi, kyauta ce. Amma wanda ya karɓe ta da gaske, za a gani a rumfarsa. Kada ka jira wata shekara. Tun kafin kasuwa mai zuwa ta ci, ka duba ma'auninka, ka kuma nemi wanda ka rage wa.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai ne ka ke ba mu ruwan sama da amfanin gona. Ka gafarta mana ragin da muka yi wa maƙwabtanmu, a awo da a magana. Ka ba mu zuciya ɗaya da ma'auni ɗaya, ran Lahadi da ranar kasuwa. Ka tuna da gwauraye da marayu, ka ba garuruwanmu zaman lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.