TARIHIN SARKI ALHAJI, ABDULLAHI BAYERO: MURIDI, MAGINI KUMA UBAN GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da halifansa Shehu Ibrahim Inyas.



Bawan Allah da za a ambata a wannan zama shi ne Sarkin Kano Abdullahi Bayero ɗan Sarkin Kano Abbas, wanda Kanawa suke kira Sarki Alhaji, domin shi ne sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana bisa gadon sarauta. An haife shi a shekarar 1881, ya yi karatun allo da na littattafai a gidan sarauta, ya riƙe sarautar Ciroma, sa'an nan ya gaji baffansa Sarki Usman a 1926. Ɗariƙa kuwa a gida ya tarar da ita, gama mahaifinsa ya riga ya karɓi wuridin Tijjaniyya. Ƙasar Gwandu ma ba baƙuwarsa ba ce: a 1934 tare suka tafi Ingila da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman.

Sarki Alhaji bai zauna ajin injiniyoyi ba, amma duk mai lissafin manyan ayyukan da suka sauya birnin Kano dole ya fara daga zamaninsa. Babbansu shi ne ruwa. Kafin wannan lokaci mutanen birni daga rijiyoyi da kududdufai suke sha, kududdufan nan da ake haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya taru a ciki, dabba ta sha, mai wanki ya yi wanki, yaro ya ɗebo a tulu ya kai gida. Abin da ke biyo bayan irin wannan ruwa, na ciwon ciki da kurkunu, dattawan da ke zaune a nan ba sai an faɗa musu ba. Sai aka kafa injunan ruwa a bakin kogin Challawa, kudu da birni, ana janyo ruwan ana tace shi, ana tura shi ta bututu zuwa manyan tankuna a kan Goron Dutse, daga can kuma nauyinsa ya gangaro da shi zuwa unguwanni. Tare da shi aka kawo wutar lantarki. An gama wannan a farkon shekarun 1930, kuma da kuɗin Baitulmalin Kano aka yi, wato harajin talakawa da jangalin makiyaya ne ya komo musu ta bakin famfo.

A nan akwai abin lura ga malamai. Babin farko da ɗalibi yake karantawa a Ahalari da Ishmawi da Iziyya shi ne tsarki, kuma tsarki ba ya inganta sai da ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Wuridinmu ma da sharaɗin tsarki yake, har Jauharatul Kamali ba a karanta ta da taimama. Ashe wanda ya kai ruwa mai tsabta ƙofar masallaci yana da rabo cikin kowace alwala da aka yi da shi. Masu cewa ɗariƙa zaman kashe wando ce da jan carbi, su dubi wannan muridi da kyau.

A 1937 ya tafi aikin hajji tare da Malam Sulaiman, wanda ya zama Walin Kano. A can Allah Ya haɗa shi da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wanda a lokacin bai cika shekara 40 ba, shi kuwa Sarki ya haura 55. Dattijo mai mulkin ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Arewa ya miƙa hannu ga malamin da ya girme wa da kusan shekara 20, ya sabunta wuridi a wurinsa, ya kuma gayyace shi Kano. Wannan tawali'u shi ne ƙofar da Faila ta shigo Nijeriya ta cikinta. Da Shehu ya zo Kano a tsakiyar shekarun 1940, almajiran Malam Muhammadu Salga, irin su Shehu Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Sani Kafinga, suka sallama masa, daga gare su kuma tarbiyya ta bi hanyoyin fatake har ta iso kasuwar Jega da garuruwan da ke kewaye da ita.

A tafiyar nan ya ga masallatan Masar, ginin ya shiga ransa. Da ya komo sai ya ɗaura niyyar sake babban masallacin Juma'a na Kano, aka gama shi a 1951, da ƙubbarsa da hasumiyoyinsa biyu, yana nan tsaye kusa da Gidan Rumfa. A zamaninsa ne kuma aka buɗe makarantar shari'a a 1934, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

Game da gidansa, abin da ya shahara a bakin mutanen Kano shi ne sauƙin kai da ƙarancin buri, har ana ba da labarin yakan ɗinka tufarsa da hannunsa. Itace da 'ya'yansa ake gane shi. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi, malami ne mai jan sallar Juma'a da kansa, kuma Shehu Ibrahim ya naɗa shi halifansa a Nijeriya. Da sarauta ta bar hannunsa a 1963, wuridi bai bar hannunsa ba har ya rasu a 1991. Wani ɗan nasa, Alhaji Ado Bayero, ya yi shekara 50 da ɗoriya a kan gado, daga 1963 zuwa 2014. Uban da ya bar tarbiyyar 'ya'yansa ga bayi da fadawa ba ya samun irin wannan.

Maganar ta fi shafar samarin zawiyoyinmu da ke karatun injiniya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da 'yan'uwa masu karɓar kwangilar rijiyar burtsatse da kwalbati da ajujuwan makaranta. Kowa ya san ƙauyen da aka kafa wa famfo, aka ɗauki hoto, bai kai damina biyu ba ya ƙafe, domin an rage zurfin haƙa an raba canjin. Wanda ya yi haka da rana, ya zo ya zauna bakin farin ƙyalle da magariba yana istigfari, ya sani haƙƙin matan da suka koma ɗibar ruwa a fadama yana wuyansa, kuma istigfari ba ya sauke haƙƙin bayi sai an mayar musu da abinsu. Muƙaddamai su riƙa tambayar muridi sana'arsa da halin iyalinsa kamar yadda suke tambayarsa lazimi.

Sarki Alhaji ya rasu a watan Disamba na 1953, bayan shekara 27 yana sarauta. Jami'ar Bayero ta Kano sunansa take ɗauke da shi.

Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya haskaka makwancinsa, Ya sada shi da Shehu Tijjani a fadar Ma'aiki, Sallallahu Alaihi Wasallam. Allah Ya jiƙan shehunnanmu da iyayenmu, Ya shirya zuriyarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Al-Fatiha.