Gyaran Lafazi a Makaranta: Ya Wuce Gona da Iri Ne?

Laccar da aka gabatar a Tagriss, gundumar Dakoro, gaban malaman makaranta da iyayen yara

  

Tambayar da aka ba ni daga nesa ta zo. Shekara da shekaru ana ja-in-ja a Amurka da Turai kan ko taka-tsantsan da harshe, don kada a ɓata wa wani jinsi rai, ya wuce gona da iri. A 2011 wani kamfanin ɗab'i a Amurka ya sake buga wani tsohon littafin Mark Twain, ya kankare kalmar zagin baƙar fata duk inda ta fito. A 2020 aka sauya sunan wani littafin Agatha Christie a Faransa saboda irin wannan kalma. A 2023 kamfanin Puffin na Ingila ya bi littattafan yara na Roald Dahl yana tsince kalmomin ƙiba da muni, har sai da jama'a suka yi ca. Ra'ayina a kan wannan gajere ne: taɓa rubutun mamaci kuskure ne. Ɗalibi yana da haƙƙin ya ga yadda mutanen da suka wuce suka yi magana, malami kuma ya zauna ya bayyana masa abin da ya sa ba ma faɗin haka yau. Can, sun ɗan zarce.

To, mu fa? Kafin a amsa, a tuna cewa ba baƙo ne ya koya wa Bahaushe sakaya zance ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, matar kirki ba ta kiran sunan mijinta, muna cewa wance tana da juna biyu, wane ya riga mu gidan gaskiya. Fulani maƙwabtanmu sun ma fi mu tsanani a wannan fanni. Addini kuma ya riga kowa: aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Saboda haka duk wanda ya ce kiyaye harshe al'adar Nasara ce, bai san gidansu ba.

Abin da nake so mu riƙe a hannu shi ne tambaya guda, mu auna kowace kalma mai laushi da ita: wa take karewa? Akwai laushin da ke kare marar ƙarfi daga wulaƙanci, akwai wanda ke kare mai ƙarfi daga tuhuma. A ƙasarmu na biyun ya yi yawa, na farkon ko fara shi ba mu yi sosai ba.

Bari in fara da wanda ya yi yawa, don mutanen Dakoro sun ɗanɗana shi da cikinsu. Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, fara ta ƙarasa abin da ya rage. Kafin tsakiyar 2005 kuɗin buhun hatsi ya fi ƙarfin talaka, an saida bisashe a wulaƙance, likitocin MSF sun buɗe cibiyoyin ciyar da yara a Maradi da Dakoro, uwaye suna layi da goyo. Kowace tsohuwa a ƙauye ta san sunan abin, yunwa. Amma a Yamai kalmar ta zama haram. Sai dai a ce ƙarancin abinci, ko matsalar cimaka. A watan Agusta na shekarar, shugaba Tandja Mamadou, Allah ya jiƙansa, ya shaida wa BBC cewa ba yunwa a Nijar, mutanensa ma da alamar ƙoshi. A 2008 kuma hukuma ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a jihar Maradi. Na san masana suna da ma'auninsu na abin da za a kira yunwa, na kuma san akwai kishin ƙasa a cikin lamarin, don ba shugaban da ke son a riƙa nuna hoton ƙasarsa da ƙwaryar bara. Duk da haka kalmar mai laushi ba ta kare yaron da ke kan sikeli ba. Ofis ta kare.

Haka batun bauta. Mun daɗe muna cewa ai babu ita, sai dai al'ada, sai dai wahaya, sai dai ta biyar. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, da aka kafa a 1991, ta sha zagi don ta ƙi wannan sakayawar. Sai a 2003 majalisa ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Hadijatu Mani, wadda aka saida a 1996 tana da shekara 12 kan jika 240 a jihar Tawa, ta kai ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke cewa abin da aka yi mata bauta ne, gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Da alƙalan sun yi mana kara irin tamu, sun ce aure ne na al'ada, da ba ta samu komai ba. A nan kalma mai kaushi ce ta yi ceto.

Yanzu mu shigo farfajiyar makaranta, inda nake cewa ba mu fara ba. Malamai, kun fi ni sanin abin da ake faɗa lokacin shan iska. Yaro ya ci na ɗaya a aji, wani ya ce masa ai ku bayi ne. Yarinya ta yi faɗa da ƙawarta, a tuna mata kakanta maƙeri ne ko mahauci. Ɗan makiyayi ya shigo aji, a toshe hanci, a ce ɗan daji ya iso. Kalmar Buzu, wadda a Kano ake kiran duk mai rawani da takobi da ita ba da wata manufa ba, a nan kun san nauyin da take iya ɗauka a wasu bakuna. Yaron da aka yi wa haka ba ya kai ƙara, don wani lokaci malami da kansa yana murmushi. Sai dai wata rana a kira suna a ji shiru, a rubuta cewa iyayensa ba su san darajar boko ba. A gundumar da manomi da makiyayi ke shan rijiya ɗaya, ake kuma gardamar burtali kowace damina, wannan ba wasan yara ba ne. Dattawan da ke nan suna tune da abin da ya faru a Toda cikin 1991, inda aka hallaka Fulani masu yawa, galibi mata da yara. Hannu ba ya ɗaukar adda sai baki ya daɗe yana cire wa mutum mutuntaka.

Wani zai ce, malam, kana so ka kashe mana wasan dangi. Ko kusa. Barkwancin Bagobiri da Bazabarme, ko na Bafillatani da Babarbare, dukiya ce, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar. Amma wasan yana da ƙa'ida: kowa yana da damar ramawa, kuma a tashi ana dariya. Bafillatani ya ce wa Babarbare bawana, Babarbare ya mayar masa ninki biyu. Idan wanda aka kira bawa ba shi da bakin ramawa, don a garin kowa ya san gidan da kakansa ya yi wa aiki, to an bar wasa an koma cin zarafi.

Akwai kuma inda gyaran ya zama kwalliya kawai. A rediyo yanzu ba ka jin makaho ko gurgu, sai mai lalurar gani, sai masu buƙata ta musamman. Ba na adawa, in masu abin sun fi so haka. Sai dai a garuruwan Hausa akwai Sarkin Makafi, kuma shi bai taɓa jin kunyar sarautarsa ba. Malaman hadisi ma suna ambaton Al-A'amash da Al-A'araj da laƙabin lalurarsu don a gane su, ba don raini ba. Abin da ke ƙona ran makaho shi ne a ƙawata masa suna a Yamai, alhali ajin ƙauyensu ba littafin da zai shafa da yatsa, ba malamin da ya iya koya masa. Mun shafa wa bango farar ƙasa, gara tana ci daga ciki.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi damuna a yanzu. Waɗanda suka yi makarantar boko a da sun san sambol, ɗan ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi harshen uwarsa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. In ana neman inda tsaron harshe ya taɓa wuce gona da iri a makarantunmu, ga shi nan. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, amma suka zauna tsiraru. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. A matsayina na Bahaushe na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin ya zo da amana. Yaron da ya tashi da Tamashek ko Fulfulde a gida, ya zo aji yana karya Hausa, idan muka yi masa dariyar da aka yi wa iyayenmu kan Faransanci, mun dawo da sambol da hannunmu.

Don haka amsata biyu ce, kuma ba su yi daidai da juna a nauyi ba. A bakin manya, laushin ya yi yawa, a rage shi: yunwa yunwa ce, bauta bauta ce, a koya wa yara tarihinsu da sunayensu na gaskiya. A tsakanin yara kuwa, aikin yana gabanmu, kuma ba ya buƙatar takarda daga Yamai ko kuɗin wata ƙungiya.

Roƙona ga daraktoci da kwamitin iyayen yara shi ne, kafin a koma aji, ku zauna da masu gari da limamai ku tsaida magana guda: duk wanda ya gori yaro da asalinsa, ko sana'ar gidansu, ko lalurar jikinsa, ko harshensa, ɗalibi ne ko malami, a kira shi gaban kwamiti a ranar. Iyayena mata, ku ne farkon masu jin abin da yaro ya kwaso daga waje, ku kuma ya fi kwaikwaya. Ku taya mu.