Zakkar Ƙarfi: Darasin Rafer Johnson ga Gwanayen Wasa na Zamfara

  

Maƙasudin jawabina shi ne in tunatar da mu cewa ƙarfin jiki da ɗaukakar suna ni'imomi ne, kuma kowace ni'ima da zakkarta. Mafi cancantar karɓar wannan zakka kuwa, a ganina, su ne yaran nan masu raunin fahimta, waɗanda muke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki saboda kunya, ko mu sake su a titi tsararsu na bin su da ature.

Hujjata ita ce tarihin wani baƙar fatan Amurka, Rafer Johnson, gwanin gasar nan mai wasanni goma ta gudu da tsalle da jifa, wadda ake gamawa cikin kwana biyu. Shi ya zo na biyu a gasar Olamfik ta 1956, sa'an nan ya ɗauki zinariya a birnin Rum a 1960. A watan Yuli na 1968, makonni kaɗan bayan an harbe amininsa Robert Kennedy, 'yar'uwar mamacin, Eunice Shriver, ta buɗe gasar Special Olympics a birnin Shikago da 'yan wasa kimanin 1,000 masu raunin fahimta. Shekara na zagayowa, Johnson, wanda da ya so da ya zauna yana cin gajiyar sunansa, sai ya haɗa kai da wasu 'yan sa kai suka kafa reshenta a jihar Kalifoniya, ya shugabance shi, ya yi ta nema masa gudummawa da ma'aikata, bai kuwa rabu da hidimar ba har ajali ya riske shi a Disamba 2020.

Hikimar da ke cikin al'amarin ita ce, idan gwani ya riƙe hannun yaron da aka raina ya shiga fili da shi a gaban jama'a, to, ya ara masa mutuncinsa, kuma uban da ke jin nauyin a ce ɗansa ne zai wayi gari yana nuna shi da alfahari.

Mu Zamfarawa mun fi kowa bukatar wannan darasi, domin gubar dalmar da ta bayyana a 2010 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, bayan ta hallaka yara fiye da 400, ta bar wasu da naƙasa a ƙwaƙwalwa, yau ga su samari da 'yan mata. Balle waɗanda sanƙarau ko doguwar naƙuda suka taɓa, babu unguwar da ba su. Shari'a ta ɗauke taklifi daga wanda hankalinsa bai cika ba, amma ta bar haƙƙinsa a wuyanmu, kuma kula da shi farilla ce ta kifaya, wadda in kowa ya yi sakaci, laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya. Dokar hana wariyar naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ita ma abin da ta ƙarfafa ke nan.

Saboda haka ina kira ga 'yan dambenmu da 'yan kokawa da tsofaffin 'yan ƙwallon Zamfara United, su keɓe yamma guda a kowane mako, a filin wasa na Sardauna da ke Gusau da filayen makarantun Tsafe da Bungudu, su koya wa yaran nan gudu da ƙwallo. Malamai mata su riƙe 'yan mata, masu unguwanni kuma su lallashi iyaye su fito da 'ya'yansu. Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana.